Ƙarin ɗaki a gida: yadda za a yi gini wuta na nan, kowa kuma lafiya

Yau maganar gini za mu yi, amma ba ta siminti da bulo ba. Maganar wutar lantarki ce, wadda yawancinmu ba ma tunawa da ita sai katanga ta kai linta.

Ka zagaya Gusau, daga Tudun Wada zuwa Samaru, ko ka bi hanyar Funtua ka leƙa Tsafe, ko ta Sakkwato ka tsaya Bunguɗu. Za ka ga gidaje ana ƙara musu ɗaki. Wani aure ya matso, za a yi masa ciki da falo a gidan mahaifi. Wani 'yan'uwa ne suka baro ƙauye saboda rashin tsaro, ɗakuna suka yi kaɗan. Wani shago zai fitar a jikin zaure. Kuma duk ana yi ne mutane na zaune a gidan: firijin Hajiya da take sayar da ƙanƙara da zoɓo yana aiki, ana buga ruwa a tanki, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Ba wanda zai yarda a yanke wuta wata biyu. To ya za a yi?

Abin da nake so ku riƙe shi ne: a raba wutar gida kashi uku tun kafin a haƙa fandisho. Akwai kason kamfani, akwai na tsohon gida, akwai na sabon gini. Kowanne da mai taɓa shi.

Kashi na farko, daga turken wuta zuwa mita. Wannan ba naka ba ne, ko da kai ka sayi wayar. A Zamfara, kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta, shi ne kuma ke da Kaduna da Kebbi da Sakkwato. In sabon ɗakin zai tashi a ƙarƙashin wayar da ta shigo gidan, ko katangar da mita ke jiki ce za a rushe, ofishinsu za ka je ka nemi a matsar, tun ba a fara ba. Kar ka kira yaron unguwa ya hau turke da dare. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sabunta dokar taɓa mita a farkon 2025: wanda aka kama ya zagaye mita a gida mai layi ɗaya, tarar farko naira dubu 100 ce, ban da kuɗin wutar da ya sha. Hujjar "ai gini nake yi" ba ta fitar da kai.

Sannan ka ɗaga kai ka duba sama. Layin da ke ciyar da taransifoma, mai ƙarfin bolt dubu 11, ƙa'ida ta ware masa fili mita 11, wato biyar da rabi ta kowane gefe. Babban layi mai dubu 132, irin wanda ke kawo wa Gusau wuta daga Funtua, nasa mita 30 ne. Irin waɗannan ba sai ka taɓa su ba, matsowa kusa kaɗai ya isa wutar ta yi tsalle ta kama rodi. Mai hawan bene ko mai ɗaga falan kwano, wannan maganar tasa ce.

Yanzu ga wurin da aka fi asarar rai. A wurinmu, birkila ko kafinta zai ce, "Ai NEPA sun ɗauke, bari mu yi sauri." Don Allah ku saurara: an ɗauke wuta daban, an kashe wuta daban. Wadda aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Mutum na riƙe da rodi a jikin waya, yara su yi ihun "an kawo", shi kenan. Wutar gida bolt 230 ce, kuma ta isa ta tsayar da zuciya, balle ga wanda ke tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasar kwaɓa siminti. Kashe wuta shi ne a sauke bireka da hannu, a gwada da abin gwaji a ga babu, a kuma sa wanda zai tsare wurin kar wani ya mayar.

Kuma yau wutar gida ba ƙofa ɗaya take shigowa ba. Akwai janareta, akwai inbata. Ka sauke ta kamfani, inbata na nan tana ciyar da soket. Farantan sola kuwa, muddin rana na dukan su suna fitar da wuta, ko an kashe inbatar. In za a cire kwanon da suke kai, wanda ya haɗa su shi zai zo ya kwance. Janareta kuma sai ta hanyar canji-oba. Mai cusa wayar inji a soket yana iya tura wuta ta koma kan layi, ta kama ma'aikacin da ke kan turke yana zaton a mace take.

Kashi na biyu, tsohon gida. Nan dabarar ita ce a ware, ba a yanke duka ba. Mai aikin wuta zai duba akwatin bireka, ya gano layin da ya bi ta katangar da za a fasa, ya cire shi daga tushe. Sauran ɗakuna su ci gaba da shan wutarsu. In gidan irin na da ne, komai a kan fis ɗaya, to wannan ce damar da za a sa ƙaramin akwati a rarraba: fitilu daban, soket daban, famfon ruwa daban.

Kashi na uku, sabon gini. Ma'aikata na buƙatar wuta, amma a ba su layi guda nasu, da birekarsa, da na'urar nan mai yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum, mai lamba 30mA. Wayar ta kasance mai kauri mai riga biyu, a rataye ta sama, kar a ja ta a ƙasa inda baro ke bi, kar a ɗaure mahaɗa da leda. Mai walda kuwa ya zo da injinsa. Na'urarsa na jan wuta da yawa, tana iya ƙona wayar gida ta kuma lalata firiji.

Kafin a yi filasta, a zauna a yi lissafi. Famfo mai doki ɗaya kusan wat 750 yake ci. Hita ta tafasa ruwa na iya kai 2,000. Amarya za ta zo da firiji da dutsen guga, wataƙila da na'urar sanyaya ɗaki. Wayar da ta ɗauki gida shekara ashirin ba lallai ta ɗauki wannan ba. A al'adar aikin, fitilu waya mai lamba 1.5 ake sa musu, soket 2.5, manyan kaya 4 ko 6, ta jan ƙarfe zalla, cikin bututun roba. A kuma kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a haɗa ta da ramin soket na uku. Araha ba ta ado a nan: siririyar waya cikin silin ita ce gobarar tsakar dare.

Wa zai yi aikin? Tambayi mai wayarin ko yana da shaidar hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke tantance masu haɗa wuta a Najeriya. Ba raini ba ne, haƙƙinka ne.

In an bi wannan tsari, sau ɗaya za a kashe gidan gaba ɗaya: ranar haɗa sabon gini da tsoho. A zaɓi safiya, ba ranar hadari ba. Daren jajibirin a cika tanki, a yi cajin wayoyi, a bar ƙanƙara ta daskare, a rage buɗe firiji. In an gama wayarin tun kafin ranar, aikin 'yan awoyi ne.

Saboda haka kafin ka kira mai tifar yashi, kira mai wuta ya zagaya filin tare da birkila. Rigakafi ya fi magani. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin ƙarin ɗaki, musamman angwayen bana. Allah ya sa a shiga lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.