3.2 Bitamin B6 Mai Aiki: Amfaninsa da Haɗarinsa

Mafi yawan ƙwayoyin bitamin B6 da ake sayarwa a kemis suna ɗauke da sinadarin piridoksin ne. Shi kuwa piridoksin ba ya aiki a jikin ɗan'adam sai hanta ta juya shi zuwa piridoksal fosfat, wato abin da ake rubuta wa P5P a jikin kwalba. Wannan shi ake nufi da "mai aiki". Da shi ne jiki ke sarrafa furotin, ya haɗa jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da kuma sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su.

Masu talla suna cewa P5P ya fi piridoksin saboda ya hutar da hanta. Wannan magana tana da rauni, domin kafin hanji ya tsotse shi sai ya cire masa fosfat ɗin, daga baya jiki ya sake maƙala masa. Ke nan mai lafiyayyar hanta bai tsira da wani abin kirki ba, illa ƙarin kuɗi da ya kashe. Inda fifikonsa ya tabbata shi ne ga jariran da aka haifa da tawayar sinadarin da ke yin wannan juyi, waɗanda farfaɗiyarsu kan lafa idan an ba su P5P. Masu shan isoniyazid saboda tarin fuka kuwa, piridoksin na yau da kullum ake haɗa musu don kare jijiyoyinsu, kuma yana wadatarwa.

Ta fuskar haɗari, baligi ɗan ƙasa da shekara 50 miligiram 1.3 kacal yake bukata a rana. A shekarar 1983 Schaumburg da abokan aikinsa suka kawo rahoton mutum bakwai da suka riƙa shan giram 2 zuwa 6 kullum, har ƙafafunsu da hannuwansu suka sage, tafiya ta yi musu wuya. A 1998 Amurka ta sa iyakar miligiram 100 a rana, amma a 2023 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sauko da tata daga 25 zuwa 12. Waɗannan iyakoki sun shafi kowace siffa ta bitamin ɗin, har da P5P, alhali akwai kwalaben da ƙwaya ɗaya ke ɗauke da miligiram 50.