Matar Da Ta Jira Kujerar Abuja Shekara Ashirin

Kowace jiha a Najeriya sanata uku gare ta. Abuja kuwa ɗaya tak aka ba ta, shi ne cikon na 109 a Majalisar Dattawa. Babu gwamna, babu majalisar jiha, sai minista da shugaban ƙasa ya ga dama ya naɗa. Saboda haka mutumin Karshi, wanda kullum sai ya ratsa Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu cikin cunkoso kafin ya ga tsakiyar birni, ba shi da wani babban zaɓaɓɓe da zai kai wa kuka sama da wannan sanata guda.

A 2003 wata injiniya mai suna Ireti Kingibe ta fito neman kujerar a jam'iyyar ANPP, ta sha kaye. A wannan shekarar ce Philip Aduda, ɗan asalin Karu wanda ya faro daga kansila, ya shiga Majalisar Wakilai da tutar PDP. Daga nan likafa ta yi ta ci gaba: zango biyu a Wakilai, sannan Majalisar Dattawa a 2011, ya maimaita a 2015 da 2019. A 2022, da Enyinnaya Abaribe ya fice daga PDP, Aduda ne ya gaje shi a matsayin shugaban marasa rinjaye.

Ireti kuwa tana ta yawon jam'iyyu, daga ANPP zuwa PDP, daga nan APC, babu inda ta kai labari. Ba don ta rasa gata ba. An haife ta a 1954, ta karanta injiniyancin gine-gine a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ta auri Baba Gana Kingibe, wanda ya yi wa Abiola takarar mataimaki a 1993. Yayarta kuma ita ce Ajoke, matar Janar Murtala Muhammed. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan: mijin yayarta ne ya yi shelar mayar da babban birni Abuja ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi a Legas. Amma dangantaka ba ta jefa ƙuri'a.

A 2022 ta koma jam'iyyar Labour, wadda 'yan siyasa ke yi wa dariya cewa ba ta da ko kansila. Sai ga guguwar Peter Obi, ɗan takararta na shugaban ƙasa, ta taso a Abuja, matasa da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi dafifi a rumfuna ranar 25 ga Fabrairun 2023. Da aka gama ƙirga, Ireti tana da ƙuri'a 202,175, Aduda 100,544. Ta ninka shi, tana da shekara 68, bayan shi ya yi shekara ashirin cur a majalisa. Ya garzaya kotu, kotun zaɓe da ta ɗaukaka ƙara duk suka tabbatar mata.

Gaskiya dai guguwar ce ta ɗauko ta, ko masoyanta ba za su musa ba. Sai dai guguwa ba ta ɗaukar wanda ya riga ya koma gida ya kwanta.

Ita ce mace ta biyu da ta riƙe kujerar, bayan Khairat Gwadabe da aka zaɓa a 1999, kuma tana cikin mata huɗu kacal na Majalisar Dattawa ta goma, inda aka ba ta shugabancin kwamitin harkokin mata. Ba ta daɗe da zama ba aka naɗa Nyesom Wike ministan Abuja, nan take suka sa zare. Tana kukan ana tafiyar da birnin ba tare da an tuntuɓe ta ba, shi kuwa a 2024 ya fito bainar jama'a ya ce ba za ta koma majalisa a 2027 ba.