Injin Busar da Kaya a Zango: Ina Bututun Zai Fita?

Duk wanda ya san Nima da Maamobi, unguwannin Zango a Accra, ya san shanya a can ba ƙaramin aiki ba ce. Gidan haya ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, tsakar gida ɗaya, igiya biyu ko uku, kuma daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin babbar daminar Accra, rana ba ta da alkawari. Iskar teku cike take da laima, sai riga ta kwana a igiya ta tashi tana warin danshi. Shi ya sa masu wanki da guga da wasu magidanta masu hali suke sayen injin busar da kaya, sau da yawa na gwanjo. Ana ciniki, ana gwada injin, amma ba a cika tambayar inda iskar da ke fita ta bayansa za ta je ba. A ganina wannan tambaya ta fi ta farashi nauyi, kuma a Zango ba mai injin kaɗai ta shafa ba.

Injin ba ya ɓatar da ruwan da ke jikin tufafi, sauya masa wuri kawai yake yi. Yana ɗumama iska, ya bi da ita cikin kayan, ta kwashe ruwan, sannan ya turo ta waje. Wanki ɗaya yana iya sakin lita 2 ko fiye. Idan babu bututu, duk ruwan nan a ɗakin zai tsaya, ya shiga bango da katifa da akwatin kaya, fumfuna ta biyo baya, masu asma da ƙananan yara su fara tari. Tare da tururin akwai ɓurɓushin zare mai kama da auduga, wanda rariyar injin ba ta tare shi duka, kuma yana kama wuta nan da nan. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2008 da 2010 ana samun gobara kusan 2,900 a shekara daga irin wannan inji a gidajen zama, kuma babban dalilin shi ne rashin sharewa. Can ke nan, inda motar kashe gobara take isa ƙofar gida. A lungunan Nima da wasunsu mutum biyu ba sa jerawa, wuta tana iya cin ɗakuna da dama kafin jami'an kwana-kwana su ja tiyo daga babban titi.

Aikin kansa ba shi da wuya. Bututun ya zama na ƙarfe mai santsin ciki, faɗin inci 4, wato kusan santimita 10. Na roba mai lanƙwaye-lanƙwaye, wanda yakan zo da injin, yana tara ɓurɓushi a kowane ninki. Ƙa'idar gini ta Amurka ta kayyade tsawonsa a ƙafa 35, kuma kowace cikakkiyar gwiwa tana cinye ƙafa 5 daga ciki, don haka gajere kuma miƙaƙƙe shi ne daidai. A haɗa gaɓoɓin da tef na alminiyam, kada a huda da kusoshin da za su leƙa ciki su riƙe zare. A bakin waje a sa murfi mai buɗewa idan iska ta turo shi, ya rufe idan ta tsaya, don ɓera da kyankyaso. Raga kuwa kada a sa ta, domin toshewa take yi.

Inda bakin bututun zai fuskanta, nan maganar ta zama ta Zango. A gidan da ke da fili, bututu yakan fita bayan gida, ba wanda ya damu. A Maamobi bayan ɗakinka tagar wani ce, ko wurin da wata take tuyar ƙosai, ko hanyar 'yan makarantar allo. Wanda ya fitar da zafi da ƙurar zare daga ɗakinsa ya hura su cikin ɗakin maƙwabci bai warware komai ba, ya ɗora wa wani nauyinsa ne. Haƙƙin maƙwabtaka da malamai ke ta nanatawa a wa'azi ya haɗa da wannan. A nisanta bakin daga kowace taga ko ƙofa da aƙalla ƙafa 3, idan lungun ya yi matsi a ɗaga shi sama, kuma kada a bar shi ya ƙare cikin silin, inda danshi zai ci katako a ɓoye.

Wani zai ce mai gida ba zai yarda a huda masa bango ba. Gaskiya ne, kuma yana da iko da gininsa. Sai dai ramin santimita 10 da birkila zai toshe ran tashi ya fi sauƙi a kan bangon da danshi ya kumbura, kuma mai gida mai lissafi zai gane haka idan an zauna da shi. Wani kuma yakan tsoma bakin bututun a bokitin ruwa, wai ya kama ƙurar. Ƙurar tana raguwa, amma tururin yana nan a ɗakin. Idan injin mai aiki da gas ne, dabarar tana iya kisa, domin hayaƙinsa yana iya ɗauke da iskar guba marar wari. Masu cewa rana kyauta ce, igiya ta ishe mu, su ma suna da hujja, musamman ga mai kallon kuɗi suna tafiya a mitar kamfanin lantarki na ECG, kuma toshesshen bututu yana ƙara tsawon lokacin busarwa, ya ƙara cin wuta. Ga yawancin gidaje igiya ce za ta ci gaba da aiki.

Wanda ba shi da inda zai fitar da bututu ya nemi injin da ke tara ruwansa a tanki, irin wanda ake juyewa bayan kowane wanki. Wanda ya riga ya kafa mai bututu kuwa ya share rariya duk sanda ya gama, ya kwance bututun ya wanke aƙalla sau ɗaya a shekara, shagon wanki kuma fiye da haka, kuma kada a bar injin yana aiki a tafi masallaci ko a kwanta barci.