Tsakuwar da Ta Fi Shinkafa Tsada

Duk wanda ya taɓa kallon uwargida tana tsintar shinkafa ya ga rabin aikin masu tara kan sarki. Bazawa take yi a faifai, ta fuskanci haske, ta riƙa jan ƙwayoyin kaɗan-kaɗan da yatsa har idonta ya faɗa kan bare. Su ma haka suke yi, da gilashin ƙara girma da matsefata. Sai dai ita jefar da tsakuwa take yi, su kuwa tsakuwar suke nema.

A 1918 Amurka ta fitar da kan sarkin santi 24 mai hoton jirgin sama. Sau biyu takardar ke shiga inji, jan zagaye daban, shuɗin jirgi daban. Da aka saka wani falle a juye, sai jirgin ya fito ƙafa a sama. William Robey ya sayi fallen mai guda 100 a gidan waya a Washinton kan dala 24, bayan 'yan kwanaki ya sayar dala 15,000. A 2023 guda ɗaya tak ya haura dala miliyan 2 a gwanjo.

Tsintar ta fi cin ido a kan sarkin da aka ƙara wa rubutu daga baya. Idan mulki ya sauya kafin sabon kan sarki ya iso, akan buga suna a kan tsohon, kamar yadda Faransa ta buga TERRITOIRE DU NIGER a 1921 a kan mai hoton raƙumi. A 1915, a Accra, an buga sunan Togo da wasu kalmomi a kan na Gold Coast. Da hannu aka jera haruffan, don haka a wani gurbi F ya fito ƙarami, a wani O ya ɓace, OCCUPATION ya koma CCUPATION.

To, tunda tsakuwa ta yi daraja, ba a rasa masu zuba ta da gangan. Shi ya sa gwani ke ajiye na gaskiya a gefe, ya auna tazarar haruffa, ya gwada tawada. Idan launi ne ya bambanta, sai ya tabbatar ba rana ce ta koɗar da shi ba. Idan kuma an taɓa aika wasiƙa da shi, dole hatimin gidan waya ya hau kan rubutun. In rubutun ne ya hau hatimi, jabu ne, komai kyansa.