Arsen Galstiyan: Ɗan Armeniya Da Ya Kā Da Gwanin Japan

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawar kaka, ko a Kafanchan ko a Maraɗi, ya san ba girman jiki ke kā da mutum ba, dabara ce. A kan wannan aka gina judo, wato kokawar Japanawa wadda Jigoro Kano ya tsara a 1882, aka kuma shigar da ita wasannin Olimfik a Tokiyo a 1964. A cikinta, in ɗan wasa ya maka abokin karawarsa da baya a ƙasa da ƙarfi, an gama ke nan. Wannan kaye shi ake kira ippon.

An haifi Arsen Galstiyan ran 19 ga Fabrairu, 1989, a wani ƙauye na arewa maso gabashin Armeniya, kusa da iyakar Azarbaijan. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa yankin Adigeya a kudancin Rasha. Can ya koyi judo a hannun malaminsa Igor Romanob, a ajin masu nauyin da bai wuce kilo 60 ba. A 2009 ya zama zakaran Turai a birnin Tibilisi, sa'an nan a 2010 ya sami tagulla a gasar duniya a Tokiyo.

Duk da haka, sa'ad da aka hallara a Landan a 2012, ba shi aka sa wa ido ba. Hankalin jama'a yana kan Rishod Sobirob na Uzbekistan, wanda ya ci kambin duniya a 2010 da 2011. Galstiyan ya fid da shi a karon kusa da ƙarshe. Ran 28 ga Yuli ya fuskanci Hiroaki Hiraoka na Japan, ƙasar da ta haifi wasan. Cikin daƙiƙa 41 kacal ya kā da shi da ippon.

Wannan ita ce zinariya ta farko da Rasha ta samu a Landan, kuma ta farko da ta ci a judon Olimfik tun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Murna kuwa ta rabu gida biyu: Rashawa suka ce ɗan wasansu ne, su suka horar da shi, Armeniyawa suka ce jininsu ne. Kowa da gaskiyarsa, gama ƙasa ɗaya ta haife shi, ɗaya ta rene shi.

Amma fage ba ya zama na mutum ɗaya. A Riyo a 2016, Beslan Mudranob ne ya wakilci Rasha a wannan aji, shi ma ya ɗauko zinariya. Abin da ya rage wa Galstiyan shi ne sunan da daƙiƙa 41 suka yi masa, bayan shekaru masu yawa na faɗuwa da tashi a kan tabarmar horo.