Amanar Zakka: Daga Madina zuwa Gonakin Sabuwa

A shekara ta 2 bayan Hijira aka wajabta zakka a Madina. Karɓarta da rabonta suka zama aikin hukuma, mai ma'aikata da ƙa'idoji. Ƙa'idoji uku daga ciki su ne ma'aunin da muke so a auna aikinmu da shi a wannan rahoto.

Ta farko, abin da aka karɓa a gari ya koma ga mabukatan garin. Da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi da ya karɓa daga mawadatansu ya mayar wa matalautansu, ya guji zaɓen mafi kyawun dukiyar mutane, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta.

Ta biyu, haddi sananne ne. Hatsi ba ya hawa zakka sai ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300. Wanda ruwan sama ya shayar ana fitar da ushurinsa, na ban-ruwa da wahala kuwa rabin ushuri. Ma'aikaci ba ya ƙari, ba ya ragi.

Ta uku, ana bin diddigin ma'aikaci. Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani kaso, ya ce kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da haka, domin da a gidan iyayensa ya zauna, ba wanda zai kawo masa kyautar.

Ƙasar Katsina ba baƙuwar wannan koyarwa ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya soki haraji na zalunci da gaisuwar da ake kai wa masu iko. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da masu sana'a da kasuwanni.

A yau manomi a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ya san wata karɓa daban: harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi shuka ko girbi. Ba shi da haddi, ba shi da lissafi, ba ya komawa ga kowa sai mai bindiga. Wanda ya sha wannan azaba yana da haƙƙin ya tambaye mu inda buhun masararsa ya tafi, kuma wajibinmu ne mu amsa masa ba tare da ɓata rai ba.

Saboda haka muka ɗaure kanmu da waɗannan sharuɗɗa: kowane buhu a rubuta shi a ba mai shi shaida; zakkar gunduma a fara da zawarawa da marayu da 'yan gudun hijirar gundumar, cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata; ma'aikacinmu kuma ba ya karɓar goro daga mai bayarwa ko mai karɓa. Haka dukiyar wakafi: a tsare asalinta, a ciyar da amfaninta, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara.

Duk wanda ya ga mun kauce, ya faɗa mana. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba mu ikon sauke amana.