Wilhelm Gustloff: jirgin da ya nitse da mutum dubu tara

Kowa ya san labarin Titanic, wanda ya ci rayuka kusan 1,500. Amma jirgin Jamus ɗin nan, Wilhelm Gustloff, ya nitse da mutum sama da 9,000 cikin dare ɗaya, kuma da wuya ka ji an ambace shi. Abin yana damuna.

An gina shi a Hamburg a 1937 don yawon shaƙatawar ma'aikata, mutum kamar 1,900 aka tsara ya ɗauka. Ranar 30 ga Janairun 1945 ya bar tashar Gotenhafen, wadda yau ake kira Gdynia a Folan, maƙare da fiye da 10,000. Yawancinsu mata ne da yara masu gudun sojojin Sobiyet.

Sunan wani jagoran 'yan Nazi da aka harbe a Davos aka sa masa. An haifi mutumin ranar 30 ga Janairun 1895, wato jirgin ya nitse ranar da zai cika shekara 50 cif. Ranar kuma Hitler ya cika shekara 12 kan mulki.

A 1938 har rumfar zaɓe jirgin ya taɓa zama, a gaɓar Ingila.

Kyaftin huɗu ne a cikinsa daren da ya nitse, suna ta gardama kan hanya. Aka kunna fitilu don gudun karo da wasu jirage, hasken nan kuwa ya tona musu asiri. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet, S-13, ya sakar masa tofido uku. Na huɗu, mai ɗauke da sunan Stalin, ya maƙale bai fita ba.

Saboda cunkoso, an kwantar da 'yan mata ma'aikatan sojan ruwa a cikin busasshen wurin ninƙaya, can ƙasan jirgi. Kusa da nan tofido na biyu ya faɗa, kaɗan ne suka fita. A sama kuma ƙanƙara ta daskarar da igiyoyin kwale-kwalen ceto. Yaran da aka sa wa rigar ceto ta manya, sai ta riƙa kifa su, kai cikin ruwa, ƙafa sama.

Wajen mutum 1,200 aka ceto. Na ƙarshe jariri ne, an tsince shi da rai cikin kwale-kwale, gawarwaki kewaye da shi.

Alexander Marinesko, kyaftin ɗin S-13, ya rasu a 1963. Sai a 1990 aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet.